Tutar Yaya Namata

Shekara sittin da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana Namata, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a Dogon Dutsi, kuma sai a makon jiya jikata Zali ta tayar mini da mikin, ba da saninta ba. Ta dawo hutu daga Yamai da ordinatarta, kwamfuta ke nan, tana nuna mini wai ba ta cika gidajen tebur ɗaya-ɗaya. Doka guda take rubutawa, kowane gida ya dubi layinsa da gurbinsa ya san lambarsa. Wallahi wannan ai aikin Yaya ne!

Farkon samun 'yancin kai aka ce ya shirya 'yan lakwal su yi tutar ƙasa da jikinsu ranar feti, wato bikin ƙasa. Kowannenmu aka ba shi ƙyalle uku: ruwan goro, fari, tsanwa. Yaya bai gaya wa kowa kalarsa ba. Cewa ya yi ka ƙirga layinka daga gindin gawo: na kusa da gawo ruwan goro, na tsakiya fari, na can ƙarshe tsanwa, 'yan cibiyar fili kuma su ne ranar da ke tsakiyar tuta. Ko yaro ya yi fashi, wanda ya shiga gurbinsa ya san abin ɗagawa. Mutanen Matankari har zuwa suke yi kallon gwaji.

Ranar feti manyan baƙi suka ce rana na dukan fuskarsu, aka ciccibi rumfarsu daga can ƙarshen fili aka mayar gindin gawo. Babu wanda ya gaya wa Yaya. Ya busa usur, muka ɗaga, babu yaron da ya kuskure ko ɗaya. Amma daga inda manya ke zaune, tsanwa ce a sama. Tutar ƙasa a kife, a shekarun da ko tari ka yi sai a ce da gwamnati kake!

Ina riƙe da farin ƙyallena jandarmomi suka sa shi a mota. Da aka sako shi bayan damina ba ya iya riƙe alli. Bai ga girbi na gaba ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da na'urar Zali. Na san shi, da ya kwana yana yi mata tambayoyi. Abin da ya rage nasa tsofaffi ne irina a Kieshe da Tibiri, da har yau in ka ce mana layi kaza gurbi kaza za mu faɗa maka kala.

Na ce wa Zali ta yi mini tutar da dokarsa. Ta rubuta, tutar ta fito a kife. Ta ƙyalƙyale da dariya.

«Ke tsohuwa, mi na na kuka? Wurin fara ƙirga ne kawai.»

Ta taɓa maɓalli guda, tuta ta miƙe. Na ce ta rufe abin nan ta fitar mini da shi daga ɗaki.