Tsohon da Ya Ce «Obosit»

A shekarun da nake tura alhazai a keken guragu daga unguwar Misfala zuwa Harami, na tsinci kalmomi daga harsuna da yawa. Ta mutanen Romaniya guda ɗaya ce tak na riƙe, kuma har yau idan ta faɗo mini raina yana ɓaci.

Wani tsoho ne ya zo umara da ɗansa. Fari ne, siriri, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Ranar farko na kai shi ya yi ɗawafi da sa'ayi, yana ta kuka don murna. Washegari ɗan ya kai shi Tan'im, inda ake ɗaura harami, suka yi umara ta biyu. Rana ta uku da hantsi ya kira ni ƙofar otal, wai in tura tsohon bakin mota, za a yi ta uku.

Da na sunkuya zan gyara masa ƙafa, tsohon ya kama hannuna ya ce, «Obosit.» Ya maimaita a hankali.

Na tambayi ɗan, wanda ke ɗan jin Larabci, «Ya Hajji, me Baba ke cewa?»

Ya yi dariya. «Ta'aban. Wai ya gaji. A wurinmu kowa na faɗinta, ɗan makaranta ma obosit, uwata ma kullum obosita. Yalla, tura!»

Na ce, «Ka ji tsoron Allah. Umara ɗaya ta ishe shi. Bar ni in kai shi inuwa ya zauna ya kalli Ka'aba, ya sha zamzam. Kallon ma lada ne.»

«Kai mai turi ne ko mai fatawa? Daga nesa muka zo. Ta yau ta marigayi kakana ce.»

To, idan ta kakanka ce, ai da ƙafarka, ka je ka yi masa! Haka na faɗa masa, da Hausa, don Larabcin ya gudu daga bakina. Mutum ya yi maka magana da harshen da ya koya maka tun kana rarrafe, ni baƙo na ji, kai ka ce kowa ma yana faɗa?

Na ƙi turawa. Ya ɗaga hannu ya yafito wani mai keken, suka ɗauke tsohon daga nawa suka aza a wancan. Haraminsa ya zame daga kafaɗa, babu wanda ya gyara. Suka bi ta cikin rana zuwa bakin mota.