Motar da Take Ihu a Tsaye

Motar maigidana ba ta iya tsayuwa shiru ba. Mu tsaya a jar wuta, ƙafarsa ba ta kan totur, amma injin na kururuwa har masu babura su waiwayo su ga ko gobara ce. Ralanti, wato gudun inji in mota na tsaye, ya hau, in ji masana. Ni dai abin da na sani, mai take sha kamar rijiya, kunya kuma ni ke shan ta. Na gaji, na ce masa ko dai a gyara ta kafin azumi, ko a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Sayarwa kam ya ƙi, don mahaifinsa ne ya shigo da ita daga Maraɗi, ya ba shi da hannunsa.

Bakanike ya kwance ƙusar delko, abin da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, ya juya shi kaɗan kaɗan yana kasa kunne, har injin ya kwanta lumui. Ya ɗaure, ya diga farin fenti don shaida. Kafin mako ya zagayo fenti ya goce, ihu ya dawo, ga ƙwanƙwasa in ta hau tudu.

To, a unguwarmu ta Zongo ba a buɗe bakin mota a rasa likitoci. Mai shayi ya ce tiyo ne ke shaƙar iska, aka canja tiyo. Wani da ko keke bai taɓa mallaka ba ya rantse sarƙar inji ce ta saki. Ƙanwar maigidan, mai jin Faransanci, ta karanto mana cutar a waya, cutar wata mota dabam. Maƙwabciyata ta ce baki ne, aka yi wa karburato turare. Ikon Allah, mota ta yi ƙamshi, ihu na nan!

Wata safiya na dawo daga kasuwar Sankaryaare da cefane, maigidan ya fita da babur. Tun daga bakin layi nake jin rurin. Na shigo na tarar da Baba, surukina, wanda ya tsufa a tuƙin manyan motoci, ya duƙa cikin inji yana juya delko, da sifana a hannu, kunnensa kusan manne da ƙarfe. Na yi sallama, bai ji ba. Sai da na tsaya a gabansa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa 'yata. Yaran nan na garaji kashe ta suke yi. Duk sanda suka taɓa, sai in tayar in ji ba ta numfashi. Yanzu kin ji ta?"

Wallahi har 'yan unguwar Bilbalogho sun ji ta. Sai lokacin na gane kunnen Baba ne ya yi nauyi, sai ta yi ihu yake jin ta. Na zo da faɗa cike da bakina, na haɗiye, idona ya kawo ruwa. Na ce, "Na ji ta, Baba. Allah ya saka."

Na gaya wa maigidan. Bai sake kai ta garaji ba. Azumi ya zo ya wuce, ban sake tayar da zancen sayarwa ba, muka ci gaba da shan kallo a jar wuta.

Bayan rasuwar Baba bakanike ya saita ta, fenti ya zauna inda aka diga shi. Maigidan ya tayar da ita a ƙofar gida, injin na tafiya a hankali, ba ƙara ba girgiza. Ya saurara kaɗan, ya kashe, ya shiga ɗaki ya ɗauko sifanar Baba, ya duƙa kan delko.