Fartanyar Abdulkabir Ta Samu Hutu

Abdulkabir ɗan Bagwai ne, sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta a zauren gidansu. Manhajar da yake farautar kurakurai da ita kuwa nawa gare ta kamar hawainiya. Da ya kunna ta sai ya saɓi fartanya ya nufi gonar mahaifinsa, ya yi ta noma kafin ta gama buɗewa.

Bana ya zauna ya gyara ta, ta daina loda abin da ba a tambaye ta ba. Kafin ƙiftawar ido ta buɗe. Bakinsa har kunne, fartanya ta samu hutu, ciyawa ta rufe gyaɗa.

Ran nan mahaifinsa ya leƙo zaure a fusace: "Abdulkabir! Duk wanda ya lalata na'urar nan, maza ya mayar da ita yadda take!"