Dambun Gayya da Bidiyon Yaya

Komai zai iya fita daga kaina, ban da ranar da muka yi gayya a kan kwamfuta, mahaifiyata ta girka wa 'yan gayyar abinci. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, wani lokaci kuma idona ya ciko.

A shekarun nan ina da ɗan shagon intanet a Tudun Wada, kwamfutoci 'yan kaɗan da janareta mai kukan tsiya. Wayar hannu ta shigo, amma murya kawai take kaiwa. Yayana kuwa yana karatu a Malesiya. Wata rana ya kira Inna, yana magana yana tari, shi ke nan hankalinta ya tashi. Ta ce ciwo yake ɓoyewa, kamar yadda mahaifinmu ya ɓoye nasa har ya kwantar da shi. Ta daina cin abincin kirki, sai dai ta kurɓi kunu ta ture kwano. Da na ji ta fara ramewa, na je garinmu Ɗansoshiya na ɗauko ta ta zauna a wajena.

Yaya ya turo hoto ta imel, na buga mata a takarda. Ta duba, ta miƙo mini abina.

"Hoto ai tsaye yake," in ji ta. "Mara lafiya ma zai daure ya tsaya a ɗauke shi. Ni in gan shi yana tafiya, in gan shi yana kai loma."

Sai Yaya ya ari kyamara ya ɗauki bidiyo. Shi kuma bai iya yin abu kaɗan ba, ya ɗauko wani zungureren abu da imel ya ce ba zai ɗauka ba. Dole ya sa shi a irin manhajar nan da kwamfutoci ke raba fayil a tsakaninsu, kowa ya samu guntu ya miƙa wa na kusa. Na kunna tawa, ɗan layin da ke nuna saukar fayil ya fara rarrafe. Yanzu ya ce saura mako, an jima ya ce saura wata. Ni kuwa in na kalli wuyan Inna sai in ga ba za ta kai wata a haka ba.

Na kira injiniyan kamfanin da ke ba mu intanet a Kano, na yi masa ƙorafi har da rantse-rantse. Ya bari na gama, sannan ya ce suna da wata na'ura da ake kira firoksi, in ɗauke ta kamar rumbu. Duk abin da wani mai hulɗa da su ya sauke ta cikinta, tana ajiye kwafinsa, na gaba da ya nema ba sai ya je har Malesiya ba, a Kano zai ɗiba da gudu. Ya ce in shiga saitin manhajar, in rubuta adireshin firoksin da lambar ƙofarsa, in kuma danna ɗan akwatin da ke cewa a bi ta nan. "Amma fa rumbun fanko ne," in ji shi. "Sai wani ya fara zubawa. Da kuna da yawa, kowa ya jawo nasa guntun, da abin ya zo da sauƙi."

Ai kuwa muna da yawa. Akwai abokina mai shago a Bebeji, da wani a Kiru, da wani a Doguwa, duk kamfani ɗaya muke. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na karanta musu adireshin da lambar, na roƙe su gobe da safe kowa ya kunna ya jawo bidiyon. Inna tana gefe a kan tabarma tana saurare.

"Wato gayya ka kira," ta ce.

Na ce kusan haka ne.

"To me za su ci?"

Na yi dariya, na ce Inna ai kowa yana garinsu, danna abu kawai za su yi. Ta yi mini wani kallo. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kira gayya an bar mutane da yunwa ba, kuma ba a kan ɗanta za a fara ba. Matar da ta kasa ɗaga cokali, sai ga ta da sassafe tana turara dambun masara da zogale, ta aike ni neman kifin Tiga. Ta cika kuloli, na kai tasha na damƙa wa direbobi, biyu suka nufi Kwanar Ɗangora don na Bebeji da na Kiru, ɗaya ta yi Doguwa. Wani direba ya tambaye ni ko suna ake, na rasa yadda zan yi masa bayani, na ce e, kusan haka ne.

Kafin azahar layin nan ya bar rarrafe ya kama tafiya. Na Bebeji ya kira yana ihu wai nasa ma ya zabura. Inna ta jawo kujera ta zauna gaban kwamfuta da carbinta, tana tsaron koren layi kamar mai jiran madara a wuta. Sai da ya kusa ƙarshe ya cije. Muka jira, shiru. La'asar ta yi, shiru, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma mu in aka yi ruwa sabis ɗaukewa yake.

Na kira na Doguwa. Bakinsa cike ya amsa, yana ta sa wa Inna albarka, wai bai taɓa cin dambu irin wannan ba. Na ce ya bar zancen dambu, ina aiki? Ya ce tun safe kwamfutarsa take ja, ya tara guntaye da yawa. Na ce ya buɗe saitin ya karanta mini. Adireshi daidai, lamba daidai. Ɗan akwatin fa? Sai ya ce, "Au, shi ma dannawa ake?"

Ashe duk abin da ya jawo bai bi ta rumbun ba, yana can jibge a wajensa. Inna ta ce in ba ta wayar.

"Ɗan nan, ka ci abincin gayya, ka kuma ɗauke damin ka kai gidanku?"

"Tuba nake, Inna, wallahi yanzu zan dawo da shi!"

Ya danna. Ba a jima ba layin ya motsa, ya ƙara motsawa, ya cike. Iska ta fara kaɗa ƙofar shago lokacin da na buɗe bidiyon.

Sai ga Yaya. Ya yi kumatu, rigar ma ta matse shi. Ya taka zuwa ƙarshen ɗaki ya dawo, ya ce, "Inna, ga ni ina tafiya." Sannan ya zauna gaban tulin shinkafa ya shiga kai loma, yana ci yana kallonmu. Inna ta kai hannu ta shafa gilashin. Hawaye na zuba, tana dariya, ta ce, "Ji mini ja'iri, ko wanke hannu bai yi ba." Ni ma na juya baya na goge ido, don ban san na tsorata haka ba sai da tsoron ya sake ni.

Da ya ƙare ta sa na maimaita. Can ta waiwayo ta ce, "Kai, yunwa nake ji. Ina dambun nan?"

Babu. Duk ta juye wa 'yan gayya, ko loma ba ta rage ba. Na ce bari in ruga in sayo mata wani abu, ta ce ba za ta iya jira ba. A bakin murhu ta zauna, ruwa na sauka, ta kankare abin da ya manne a madambaci ta cinye tas, har da kawunan kifi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da ka jawo ka riƙe a wajenka bai zama taimako ba sai ka buɗe masa hanya ya isa ga mai jira. Na kuma daina raina aikin da aka yi mini don kawai danna abu ne. Duk wanda ya tsaya maka a ranar damuwarka ya ci abinci, ko da kai za ka ƙare da kankarar tukunya.