Kujerar Kusa da Yaya

Duk danginmu babu wanda ya kai Yayata shiga jirgin sama, kuma har furfura ta fito mata babu jirgin da ya taɓa ɗagawa da ita. Shara take yi a ciki. Jirgi ya sauka, fasinjoji su fice, sai ita da abokan aikinta su hau da safar hannu da manyan ledoji, su kwashe abin da masu rabo suka bari, su naɗe barguna, su goge tiren cin abinci, su gyara bel ɗin kowace kujera. Kafin inji ya fara gurnani an riga an sauko da su. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Ni ce autar gidanmu. Ɗinki nake yi, shagona kuma yana kan hanyarta ta komawa gida. Tun shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu ta kama aikin nan, tun lokacin kuma bencin shagona ya zama nata. Da yamma za ta shigo, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafafu a kan buhun ƙyallaye, ta fara mita.

"Auta, yau na share wanda ya taso daga garin nan da titunansa duk ruwa ne. Wai mutum ya je har can, ya shiga kwalekwale daga ƙofar masauki zuwa kasuwa, ya dawo, abin da zai bar mini ɓawon lemo ne da cingam a jikin kujera."

Haushin matafiya take ji, ba ta ɓoyewa. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne mai samun kujerar taga ya ja murfi ya rufe. In ta tarar da taga a rufe sai ta buɗe ta da ƙarfi, tana cewa Allah ya ba marar kunne ɗankunne ya rasa inda zai sa. Ni kuma haushinta nake ji, don ita ko banza tana shaƙar iskar da aka zo da ita daga can. Wata rana rairayi ta kawo mini a ƙullin leda, fari sol, wanda ta karkaɗe daga ƙarƙashin wata kujera. Ta ce na bakin teku ne. Muka zuba a tafin hannu muna kallo, manyan mata da mu.

In an sauya mujallun da ake sa wa a aljihun kujera, tsofaffin takan roƙo ta kawo. A nan muka ga dutsen da ƙanƙara ba ta narkewa a kansa, da ƙasar da sama ke yin kore kamar an shanya mayafi, da dajin da raƙuman dawa ke leƙo mutane ta taga. Kullum sai mun raba: wannan nata, wannan nawa. Teku ne kaɗai muka ƙi rabawa, don dukkanmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin gada ba. Mukan ce in Allah ya yi, tare za mu tsoma ƙafa.

Sai ga shi Allah ya yi. Da lokacin ajiye aikinta ya zo, kamfaninsu ya ba ta kyautar da yakan ba waɗanda suka tsufa a cikinsa: tikitin mutum biyu, zuwa da dawowa, duk inda jirginsu ke sauka. Ta zaɓi wani gari na bakin teku. Ɗanta ba zai samu hutu ba, 'yarta na fama da jariri. To wa ya rage? Ban ma tambaya ba. Washegari na sayo yadi ruwan bula mai sauƙin nauyi, na yanka riguna biyu, tata da tawa. Maigidana ya leƙo ya ga ina ta ɗinki ina waƙa, ya ce, "An ce da ke ne, ko kin riga malam masallaci?" Na ce masa ya ji da abin da ya dame shi.

Ranar da na gama kalmasar rigata, Yaya ta shigo, bayanta ga Doguwa. Doguwa abokiyar aikinta ce, mace kamar falwaya, ita ake sa wa goge ma'ajiyar kaya ta saman kujeru don ba ta bukatar ɗage. Ban taɓa ƙaunarta ba, gaskiya ɗaya ce. Kowane labarin Yaya sai an ce "ni da Doguwa", kamar ni ban da amfani sai kunne.

Yaya ta ga rigunan a rataye, ta shafa, ta ce, "Kai, Auta, hannunki na da kyau. Kin ma hutar da mu. Sai dai ta biyun ki auna Doguwa, kin ga za ta yi mata ɗangale."

Na ɗauka wasa ne. Na dubi Doguwa, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Nan na gane. Na ce, "Yaya, da ita za ki?"

"Da ita za ni."

Doguwa ta ce bari ta je ta sayo kati, ta fice sum-sum. Ni kuwa na cika na batse. Na tuna mata cewa ciki ɗaya muka fito. Na tuna mata yaranta da na riƙe duk ranar da aikin safe ya kama ta, da rairayin nan, da alkawarin tsoma ƙafa. Na ce ashe duk shekarun nan kwalele take yi mini.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Matar nan mun ɗebi aman mutane tare. Ranar da bayana ya riƙe, ita ta yi layina da nata, ba ta gaya wa kowa ba. Ita ba za ta kai lokacin samun kyautar ba, gwiwarta ta gama. In ba yanzu ba, ba za ta taɓa zama a kujerar da ta goge ba."

"Ni fa? Ni na taɓa zama?"

Ta dubi ƙafafunta. Can ta ce, "Auta, in na tafi da ke, wa zan dawo in ba labari?"

Har yau ban san ko yabo ne ko zagi ba. Abin da na sani, maganar ta fi ƙin tafiya da ni ciwo, domin da gaske take.

Na farke kalmasar rigata, na ƙara mata yadi a ƙasa, na buɗe kafaɗa. Kowane ɗinki da na yi sai da na ja tsaki. Amma ban ɓata aikin ba, don ba zan bari a ce a wata ƙasa telar garinsu ba ta iya ba. Da Doguwa ta zo gwaji rigar ta zauna mata ɗas, abin haushi har ta fi yi mata kyau fiye da yadda ta yi mini. Ta ce, "Allah ya saka, ƙanwata." Na amsa da ka kawai, bakina cike da allurai, na kuma gode wa alluran.

Ban je filin jirgi ba. Na ce aiki ya yi mini yawa. Amma duk jirgin da ya gifta ranar sai da na fito ƙofar shago na ɗaga kai, ina cewa a raina ko wannan ne, ko wacece a taga. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na zuba taki a makon nan har ya ishi gona. Na yi addu'ar su sauka lafiya, na kuma yi fatan a yi musu ruwan sama kullum, ban ga abin da ya hana a haɗa biyun ba.

Kafin su dawo na ƙudura abu ɗaya: ba zan tambaya ba. Tunda kunne aka mayar da ni, to kunnen ya tafi hutu shi ma. Ta je ta ba Doguwarta labari.

Da suka dawo, Yaya ta shigo da yamma, ta yi baƙi, hancinta na saɓa. Na ce sannu da hanya ba tare da na ɗago ba. Ta cire takalmi, ta zauna a benci. Na sa ƙafa a keken ɗinki na yi ta takawa, har tagar shagon na rawa. Ina jiran ta ɗaga murya ta fara, in nuna mata ban ji ba.

Ba ta fara ba. Matar da ba ta taɓa zama a shagona bakinta a rufe ba, ga ta zaune hannu a cinya, tana kallon bayana. Na gama hannun riga ɗaya, na kama na biyu. Na saci kallonta ta madubin gwaji, sai na ga leɓenta na motsi, tana shirya yadda za ta faɗa, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauko teku guda a bakinta tun daga can, ta rasa inda za ta sauke.

Ban yafe ba, kada ma a ce na yafe. Na dai ɗauke ƙafata daga kan keke, shagon ya yi tsit. Ban juyo ba na ce, "Da sanyi ne ko da ɗumi?"

Ta ja dogon numfashi, ta matso da bencin kusa da ni.