Ƙwayar Shinkafa a Kan Kibod ɗin Mamuda

Yau shekara biyar ke nan da ’yan bindiga suka kashe ƙanena Mamuda a kan hanyar ƙauyenmu, can wajen Kutemeshi. Da hantsi ne. Yana kan babur, da igiyar awo a aljihunsa. Rijiya ya tafi aunawa.

Ni Ɗanlami ban yi boko ba. Abin da kuke karantawa da baki na faɗa, maƙwabcina ya rubuta. Na ce masa kada ya ƙara gishiri.

Shekara biyu kafin mutuwar Mamuda aka ƙone ƙauyen. Na fito da raina, amma na baro yatsu biyu na hannun dama a can, na tsakiya da mai bi masa. Waɗanda suka tsira muka tare a cikin Birnin Gwari, kowa a ɗakin haya ko a zauren dangi. Mamuda yana Kaduna a lokacin, yana aiki wajen masu zanen gine-gine. Ya tattaro kayansa ya dawo, ya ce zai sake gina ƙauyen a cikin kwamfuta. Na ce masa wanda ya rasa rumbu ba hoto yake nema ba. Ya ce, “Yaya, wannan ba hoto ba ne. Hoto ba a zagaya bayansa. Zo ka gani.”

Na je na gani. Hannunsa na hagu yana kan kibod, na dama yana kan maus, wanda shi yake kira linzami. Akwai ɗan taya a tsakiyar linzamin. In ya danne shi da yatsan tsakiya ya ja, sai masallacinmu ya juya a cikin gilashin kwamfutar, ka ga gabansa, ka ga bayansa, har inda muke jingine garemani. In ya murza tayan, sai ka matso kusa kamar za ka shiga. Abin da yake da lanƙwasa, irin cikin rumbu da gindin kuka, da wani alƙalami yake yi a kan faranti, yana shafawa kamar mai yaɓe. Hannuwan nan biyu ba sa jiran juna. Ban taɓa gaya masa ya burge ni ba.

Ba mu da taswira. Da taku aka gina garin. Kowa ya zo ya zauna a tabarma ya faɗi nasa: daga ƙofata zuwa ta wane taku kaza, rumbuna uku suna yamma. Mata sun fi maza riƙe lissafi. Mamuda yana ji yana dannawa, gida yana tashi.

Ya so in koya. Na kama linzamin kamar ƙotar fartanya, garin ya wuntsila, ƙasa ta koma sama. Ga shi yatsan da ake danne tayan da shi babu. Haruffan kibod kuwa duk ɗaya suke a idona. Na ture na tashi. Bayan kwana uku ya kira ni. Ya sayo wani kibod na daban wanda ake jonawa, ya canza wa madannan aiki, ya manna musu hatsi da gam. Ya ce tunda ban san baƙi ba, ai na san ƙwaya ko da ido a rufe. Masara: ka riƙe ta da hagu, ka danna linzami da manuni ka ja, gari ya juya, ba ruwanka da taya. Dawa: ta ɗaga abu ka kai shi inda kake so. Wake biyu tare: su mayar da abin da ka ɓata. Sai shinkafa, wadda ake haɗawa da waken farko. Ita ce ta ajiya. Ya ce, “Wannan kada ka taɓa ta sai ka tabbata. In ka danna, abin da ka yi ya zauna.”

A kan rijiya muka saɓa. Na ce daga ƙofar masallaci zuwa bakinta taku arba’in ne. Ya sa ta a arba’in, sai ta faɗa cikin zauren Baba Tanko, dattijon da gidansa ke kusa da masallaci. Mamuda ya ce lissafin bai hau ba, rijiyar ta fi haka nisa. Na ce ni na ja ruwa a cikinta tun bai san hannun damansa ba. Ya ce, “Yaya, ba gardama nake ba, amma duba.” Na ce, “In ba ka yarda ba, je ka auna.”

Magana zarar bunu ce. Kwana biyu bayan haka aka ce hanya ta yi sauƙi. Da zai fita ya ce, “Na bar ta inda ka ce, sai na dawo.” Da la’asar aka kawo shi a bayan a-kori-kura.

Shekara biyar ina riƙe da garin. Ranar Juma’a bayan an sauko, mutanenmu sukan zo ɗakina, in riƙe masara in zagaya da su. Wata tsohuwa takan ce in tsaya a ƙofar ɗakinta, ta duba, ta tashi. Baba Tanko kullum sai ya ce, “Ɗanlami, har yau rijiyar gari tana zaurena? To ku riƙa sallama kafin ku zura guga.” A yi dariya. Ni ba na yi. Sau da yawa hannuna ya zame na taɓa dawa, na ja rumbun wani zuwa tsakiyar hanya, in mayar da wake. Masara ta faɗi sau biyu na sake mannawa, ƙwari sun ci waken na canza. Shinkafar tana nan wadda ya sa da hannunsa. Ban taɓa ta ba ko sau ɗaya. Duk abin da na yi, in aka kashe kwamfuta sai garin ya koma yadda ya bar shi.

Yanzu ana maganar sulhu. Wasu sun fara komawa gona da rana, wasu har sun kafa bukka. Nakan tambayi kaina me Mamuda zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai yi dogon zance ba. Zai ce a je a auna. Shi bai yarda da abin da aka ji ba sai an gani, ni kuwa na yarda da kaina fiye da kima.

A watan jiya masu komawa suka zo wurina. Ciyawa da sabara sun cinye kangon, ba a gane ko’ina. Suna neman rijiyar, don ruwa, kuma don kada yaro ko saniya su rufta. Suka ce in nuna musu a gilashi. Na ce abin da ke gilashin maganata ce, ba ta Mamuda ba. Na bi su. Rabona da wurin shekara bakwai.

Mun gane harsashin masallaci. Na tsaya a inda ƙofa take na fara taku. A arba’in na tsaya a kan tubalin zauren Baba Tanko. Na ci gaba, muna sara da adda. A hamsin da takwas muka sami bakinta, kurna ta rufe shi. A nan na tuna. Arba’in ɗina tun na tsohon masallaci ne, kafin a rushe shi a gina sabo can nesa da rijiyar. An matsar da gini, kaina bai matsa ba. Baba Tanko yana wurin. Ya dube ni, bai yi barkwanci ba ranar.

Da na dawo na kunna kwamfuta. Na zaɓi rijiyar, na danna dawa, na ja ta da yatsuna uku, a hankali, ta fita daga zauren, ta wuce bayan katanga zuwa inda yake nuna mini da alƙalaminsa a da. Na daɗe ina kallo. Sannan na ɗora yatsa a kan wake, na ɗora wani a kan shinkafa, na danna.

Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Ya bar gari guda da ake iya zagayawa, da ƙwayoyi biyar a kan kibod don wansa da bai san baƙi ba. Mutanenmu suna shan ruwan rijiyar yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni ban koma ba. Ina nan Birnin Gwari, a ɗakin da ya bar ni, ranar Juma’a ƙofa a buɗe take.