Iyatu da rinin asibiti

Duk wanda ya taɓa kai shinkafa shiƙa a Bunkure ya san Iyatu, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. 'Yar marina ce daga Kura, aure ya kawo ta, ta zama maƙwabciyata. Mace ce da ba a gama yi mata bayani. Kina tsakiyar magana za ta ce ta gane, alhali wallahi ba ta gane ba.

Da aka ce ciwon daji ne a nononta na dama, ni na raka ta Kano. Ita kuwa hannunta kawai take tambaya, don da shi take ɗaga faifai ta ci da marayunta. Likita ya ce ranar aiki za a yi mata allurar shuɗin ruwa, ya bi hanya har kaluluwar farko a hammatarta. Kaluluwar za a cire a gwada. In cutar ba ta kai can ba, a bar sauran. In ta kai, ƙila a ƙara cirewa, hannun kuma yana iya kumbura.

Jin shuɗi, sai baiwar Allah ta gyara zama ta ce ai rini gadonta ne.

Bayan aiki ta ga fitsarinta ya koma kore-kore. Ina, ai sai rigima. A gidansu, rinin da ya zuba aikin banza ne, mayar wa marini ake yi. Ta dage gwaji ya lalace, a kira likita ya sake, ba ta yarda da ha'inci ba. Kunya kamar in nutse. Likita ya danne dariya ya ce wannan rinin ɗan jagora ne, ya nuna hanya ya gama, dole ya fita. Ta yi tsaki, ta ce ita dai ta faɗa.

Ranar karɓar sakamako muka koma wajen likita.

"Hajiya, kaluluwar lafiya lau take," in ji likita. "Akwai sauran magani, amma ba za mu sake taɓa hammatar ba."

Ta dubi hannun, ta ɗaga shi a hankali har saitin kunne. Sai ta kifa kanta a kafaɗata ta ce, "Sumayya, ashe yaran nan ba za su rasa tuwo ba."